Ina ɗaukar dambe ina sakawa, amma ko sisi bai shigo ba: ta ina kuɗin yake?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai sayar da kayan waya a Abuja, wanda ba ya fashin zuwa gidan dambe a Dei-Dei. Ya ce wata huɗu ke nan yana ɗaukar wasa da wayarsa yana sakawa a Facebook da YouTube. Wani bidiyon ya yi farin jini, wani kuma ko mutum hamsin ba su kalla ba, kuma har yau bai ga ko sisi ba. Yana so ya san yadda zai tara masu bibiya na dindindin, da kuma ta inda kuɗin yake fitowa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ran da ka koma fili, a daidai lokacin da aka yi kisa, wato aka kai ɗan dambe ƙasa, kada ka kalli wanda ya faɗi, ka waiwaya ka dubi 'yan kallo. Ƙirga wayoyin da ke sama. Duk waɗannan mutanen abin da ka ɗauka shi suka ɗauka, kuma kafin ka isa gida rabinsu sun riga sun saka. Hajar da kowa ke da ita a kyauta ba ta da farashi. Wannan shi ne dalilin da ya sa bidiyonka ɗaya ya tashi, goma suka kwanta: wanda ya tashi sa'a ce ta ɗaga shi, kuma waɗanda suka kalla ba su san sunanka ba, ba su kuma da dalilin dawowa wurinka.

Abin da babu mai shi a harkar dambe shi ne lissafi. Ka tambayi mutum goma a bakin fili sau nawa wane da wane suka sa zare, wa ya kashe wa, a wane gari, a turmi (wato zagaye) na nawa, za ka samu amsa goma, kowa kuma yana rantsuwa. Ɗan Arewa zai ba ka tarihin da ya yi wa Arewa daɗi, ɗan Kudu ya ba ka nasa, Guramada ma ba za a bar su a baya ba, su ne ɓangarori ukun da 'yan dambe suka kasu. Masu ƙwallon Turai da waya ɗaya suke kashe gardama, domin an rubuta komai. Mu kuwa namu yana bakin makaɗa da dattawan fili, in sun tafi sun tafi da shi. Duk wanda ya zama shi ake nema in gardama ta kaure, shi ne mai jama'a, kuma mai jama'a shi ake kai wa talla.

Don haka kafin ka yi maganar sayen kyamara, sayi littafi mai kauri da biro biyu. Kowane wasa ka rubuta kwanan wata, gidan da aka yi, sunayen 'yan wasan biyu da ɓangaren kowa, turmi nawa aka yi, an yi kisa ko babu kisa, in an yi da me aka yi, hannu ne ko ƙafa. Har wasannin yara na share fage, waɗanda ake yi mutane na ta shigowa ana sayen rake, kada ka raina su. Yaron da ba wanda ya kula da shi yau, nan da shekara biyu shi za a riƙa yi wa kirari, kuma kai kaɗai za ka iya fito da damben sa na farko.

Ka kula da suna ƙwarai, domin a nan na taɓa ƙonewa. Ka san yadda sunayen 'yan dambe suke: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, Dogon wane. Ubangida ɗaya yana iya samun yara uku duk suna ɗauke da sunansa. Wata rana na ji mai sanarwa da rabin kunne saboda ƙarar kalangu, na rubuta cewa an kashe Shagon wani mutum, alhali Autansa aka kashe. Kafin asuba wayata ta cika da kira. Washegari yaron ya tare ni a bayan makaɗa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, mahaifiyata a ƙauye aka kai wa labari." Na goge, na ba da haƙuri a fili, amma na fi wata guda ina gyara abin da minti ɗaya ya ɓata. Tun daga ranar, in an tashi wasa ba na tafiya sai na zagaya wurin da suke kwance zare, na tambayi kowa sunansa da bakinsa. Mai sanarwa da makaɗa su ne abokanka na farko. Ka riƙa gaishe su, ka san sunayensu, in da hali ka saya musu ruwa.

Wannan sunan kuma shi ne ƙofar da baƙi za su shigo maka. Mutumin da ke Legas ko Agadas ko Jidda, in ya ɗauki waya ba ya rubuta "wasa mai zafi" ko "ku kalli abin mamaki". Sunan gwaninsa yake rubutawa, ko sunayen biyu a haɗe. Saboda haka kan kowane bidiyo ya ƙunshi sunayen 'yan wasan biyu, da gari, da shekara, a sa kalmar dambe a ciki. Ka riƙe rubutu iri ɗaya ga kowane suna, kada yau ka rubuta shi haka gobe haka. Da yake mutane da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa a wayoyinsu, ka sa sunan ta hanya biyu a cikin bayanin da ke ƙasa, da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa. Bidiyon da aka yi wa irin wannan suna yana ci gaba da kawo mutane shekara da shekaru, musamman duk lokacin da aka sake haɗa waɗannan biyun.

Sai maganar lokaci. Sakamako kamar ƙosai yake, da zafinsa ake so. A daren da aka yi wasa ka fitar da shi a rubuce, layi-layi, ko da bidiyo bai gama hawa ba. Rubutu ba ya cin data, kuma shi ake turawa daga waya zuwa waya. Cikakken bidiyo ya biyo baya da safe. In ka riƙe wannan sa'a ba fashi na wata uku, mutane za su fara jiranka, su riƙa ƙorafi in ka makara. Ranar da aka fara yi maka ƙorafin makara, ka san ka samu masu bibiya na gaskiya.

Matsalar duk mai bin wasa ɗaya ita ce ranakun da ba a wasa. Jama'a su cika maka ranar Lahadi, ranar Laraba ka zauna kai kaɗai. A nan littafinka zai fara biyan kuɗinsa. Kwana biyu kafin babban wasa ka fito da tarihin haɗuwar mutanen biyu, ka bar magoya baya su yi ta musu a ƙasa. Ka je wurin atisaye. Ka zauna da tsohon ɗan damben da ya ajiye zare ya koma fawa ko noma, ka bar shi ya yi magana ba ka katse shi ba. Ka nuna yadda ake ɗaure hannu tun daga ƙyalle har zuwa zare. Ka tambayi makaɗi yadda ake yi wa sabon yaro take. Irin waɗannan ba su tashi kamar bidiyon kisa, amma su ake kallo har ƙarshe, su ne kuma ba wanda ke da irinsu sai kai.

In kana so ka ga wannan matsala a girmanta, dubi kokawar takobi ta Nijar. Tun 1975 ake yin ta, jihohi takwas kowacce ta kawo 'yan kokawa goma, ana zagayawa da ita daga wannan jiha zuwa waccan, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak na kwana goma ko makamancin haka. A waɗannan kwanaki duk wanda ya ambaci sunan Issaka Issaka na Dosso zai samu masu saurare. In an ba da takobi kuwa, sai kasuwa ta watse sai baɗi. Wanda zai ci moriyar irin wannan taro ba ya fara shiri ranar buɗewa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana zaɓen 'yan wasa a jihohi yake fito da sunaye da tarihin kowa, ya kuma gama magana da masu talla kafin a buga gangar farko. Kai ka yi sa'a, dambe kusan duk mako ake yi, amma gasar cin mota, da ajo, wato wasan da ake shiryawa don tara wa wani gudummawa, da wasannin sallah su ne kakarka, ka yi musu irin wannan tanadi.

Wani abu da nake so ka yi tun yau: duk wanda ya zo kallo ka jawo shi zuwa wurin da kai ke da iko. Facebook da YouTube gidajen haya ne, ranar da suka canza tsari ko suka rufe ka ba wanda za ka kai ƙara wurinsa, kayan aro ba ya rufe katara. Buɗe tashar WhatsApp, ka riƙa ambatonta a ƙarshen kowane bidiyo, ka sa sakamako ya fara fita a can kafin ko'ina. Rukuni yana da iyakar mutum 1,024 kuma rikicin Arewa da Kudu zai cinye maka dare, tasha kuwa kai kaɗai ke magana. Bidiyoyinka na asali ka riƙa juye su a wani ma'aji daban, kada su zauna a waya kawai.

Kafin mu shiga kuɗi, ka je ka gaida mai gidan damben, ka gaya masa abin da kake yi. Filinsa ne, shi ke biyan 'yan wasa da makaɗa daga kuɗin ƙofa, kuma yana da gaskiya in ya ji tsoron kada nuna wasa kai tsaye ya hana mutane zuwa. Ku daidaita: ba ka nunawa kai tsaye sai da izininsa, kai kuma kana sanar da wasanninsa kafin ranar. Da wannan za ka samu wurin tsayawa mai kyau, inda rana ke bayanka, ba wanda ke gittawa ta gabanka. Gasar da wani kamfani ya shirya kuwa, irin su African Warriors Fighting Championship ko Dambe Warriors, hotonsu dukiyarsu ne. Kada ka kwafo nasu ka saka. Gargaɗi uku na satar fasaha a YouTube suna iya rufe tasha ɗungurungum.

To, kuɗi. Na san YouTube ne a ranka, bari in ba ka lissafinsa yadda yake. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara masu rajista 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo a cikin kwana 90. In ka shiga, kana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, a gajeru kuwa kashi 45 na rabon da ya faɗo maka. Ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma kafin nan za a tantance adireshinka, don haka ka ba da adireshin da saƙo ke isa da gaske, sunanka kuma ya zo daidai da na katin shaida da na banki. Akwai fom ɗin harajin Amurka da ake cikewa. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana cire kashi 30 na abin da ka samu daga masu kallo na can kawai. Wanda ya ƙi cike fom ɗin kuwa, ana iya cire masa har kashi 24 na duk abin da ya samu a duniya. Minti goma ne aikin, kada ka yi wasa da shi.

Ka lura da awa 4,000 ɗin nan. Bidiyon kisa na daƙiƙa talatin ba zai kai ka can ba ko shekara nawa za ka yi. Cikakken wasa tun daga kirari da zagayen fili har turmi na uku, da hirar minti ashirin da tsohon ɗan dambe, su ne ke tara awanni. Gajere tallar dogo ne, ka yi amfani da shi a haka.

Ko ka shiga ma, kada ka ɗora tukunya a kan kuɗin. Masu talla gwanjo suke yi a kan idon mai kallo, kuma abin da suke biya don mai kallo a Kano ko Maraɗi bai kama ƙafar abin da suke biya don na Amurka ko Ingila ba. Ga kuma wata matsala ta dambe ita kaɗai: in jini ko rauni ya zama shi ne abin da bidiyo ya sa a gaba, musamman a hoton fuska, wato hoton da ake gani kafin a danna bidiyo, sai a sa masa alamar dala mai ruwan ɗorawa, talla ta ragu ko ta ɗauke. Hoton mutum kwance baki na jini yana jan dannawa, amma yana korar kuɗi, kuma wanda aka nuna yana da iyali. Sa hoton su biyun a tsaye sun auna juna. Haka nan kada ka ɗora waƙar wani a kan bidiyo, na'urarsu za ta gano ta, kuɗin ya koma wurin mai waƙa. Kalangun fili ya ishe ka. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya da Gana ƙofar samun kuɗin talla a 2024, ka duba sharuɗɗansa a cikin manhajar domin suna yawan canzawa. Duk waɗannan ka ɗauke su kuɗin data da na mota.

Kuɗin da zai riƙe ka yana kusa da kai, a kasuwar da kake zaune. Su wa ke kallon dambe? Mahauta, direbobi, 'yan acaɓa, 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, leburori, matasan da suka zo ci-rani. Su wa ke son waɗannan mutane su san da su? Mai sayar da babura da kayan gyaransu, mai waya, mai shadda da ɗinki, mai fitilar sola, mai takin zamani, mai motocin haya zuwa gida. Irin waɗannan ba su san wani gwanjon talla na intanet ba, amma sun san darajar a ambaci shagonsu a gaban mutum dubu masu jin Hausa. Kai ma mai shago ne, don haka fara da kanka. Wata guda ka riƙa cewa sakamakon yau ya zo muku ne daga shago kaza, layi kaza, duk wanda ya zo ya ce daga dambe yake za a rage masa wani abu. Ka ajiye takarda a ƙarƙashin teburi, duk wanda ya faɗi haka ka ja layi. A ƙarshen wata takardar nan ita za ka ɗauka ka kai wa Alhajin da ke sayar da babura. Ɗan kasuwa ba ya sayen "masu bibiya dubu kaza", amma in ka nuna masa layukan mutanen da suka tako da ƙafarsu, ka buɗe masa wayarka ya ga garuruwan da masu kallonka suke, zai gyara zama.

Ka sayar da wata, kada ka sayar da bidiyo ɗaya-ɗaya. A ce masa sunanka zai fito a kan sakamakon kowane wasa na wannan wata, da farkon kowane cikakken bidiyo, kuma ba zan karɓi wani mai babura ba muddin muna tare. Wannan alkawari na ƙarshe shi ne ya fi tsada. Wurin yanke farashi, fara da lissafin abin da wata ke ci maka, kuɗin mota da na ƙofa da data da ɗan abin da kake ba yaron da ke riƙe maka waya ta biyu, ka ɗora ladan wahalarka a kai, kada ka sauka ƙasa da haka don kunya. A biya rabi kafin a fara. Ku rubuta a takarda ko da layi biyar ne, ko da kuwa abokin mahaifinka ne. Masu talla biyu ko uku sun isa. In suka yi yawa, mai kallo zai ji kamar ya shiga tashar mota.

Akwai kuma kuɗin aikin hannu, wanda sau da yawa shi ke fara shigowa. Mai shirya ajo yana son a yi masa sanarwa da hoto mai kyau, a kuma ɗauki taron. Ɗan damben da ya fara suna yana son a haɗa masa kashe-kashensa wuri ɗaya don ya nuna wa masu gayyata. Gidajen rediyo da talabijin da 'yan jaridar waje suna neman hoton dambe mai tsabta da wanda ya san mutanen fili. In sun zo, ka sayar musu da izinin amfani na wani lokaci, kada ka sayar da mallakar bidiyon gaba ɗaya. Wanda littafinsa ya cika shekara biyu, shi gidan rediyo zai kira ya yi sharhi.

Biyu za su zo maka da kuɗi a hannu tun kafin kowa, ina ba ka shawara ka mayar da su. Na farko kamfanonin caca. Suna biya da kyau, ba musu. Amma jama'arka Musulmi ne mafi yawansu, a Kano Hisba ta rufe shagunan caca a 2024, kuma ranar da aka ga tambarinsu a kan bidiyonka, Alhajin babura zai janye, dattawan fili su canza maka fuska. Ga shi kuma duk sakamakon da ka kawo za a fara zargin da wata a ƙasa. Na biyu masu maganin da ke warkar da cuta arba'in. In ba shi da lambar NAFDAC, ko yana da ita amma abin da ake so ka faɗa ya wuce hankali, ka ce Allah ya ba da kasuwa. Wanda ya sha ya kwanta, sunanka zai tuna.

Kada kuma ka karɓi kuɗin wani ɓangare don ka ɓoye kisan da aka yi wa ɗansu, za a nema, ba sau ɗaya ba. Kana da gwani, kowa yana da shi, amma ka bar shi a zuci. In magoya bayan Kudu suka yanke cewa kai ɗan Arewa ne, ka rasa sulusin kasuwarka a yini ɗaya.

Su kuma waɗanda ake dukan, ka tuna da su in abu ya fara shigowa. Wanda bidiyonsa ya kawo maka jama'a, ka kai masa wani abu a hannu ba tare da ya tambaya ba, ka tura masa bidiyon ya saka a nasa wurin. Ba doka ce ta ce ka yi ba, amma shi ne zai kira ka da dare ya gaya maka an haɗa shi da wane ranar kaza, tun mai sanarwa bai sani ba.

Game da kayan aiki, wayar da ke hannunka ta isa a shekarar farko. Abin da ya kamata ka saya shi ne sandar kafa waya don hoto ya daina rawa, da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga saboda hira, domin a bakin fili kalangu ba ya barin a ji kowa, da kuma batirin ajiya. Ka ɗauki wasa a kwance, ka yanko na tsaye daga ciki, kada kuma ka riƙa jawo hoto kusa ana tsakiyar turmi, a nan ake rasa kisa. Lahadin nan ka je da wuri, tun ana yayyafa wa fili ruwa, ka fara da gaida mai gida, sannan ka nemi mai sanarwa ya ba ka jerin waɗanda za su sa zare.